Kakata Tana Kwance, Amma Tana Cewa "Lafiya Lau"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Marwa, ƙasar Kamaru, da Faransanci nake karatu. Kakata ta yi sati uku a kwance, ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta, amma duk wanda ya ce mata "ina kwana" sai ta ce "lafiya lau". Wannan ba ƙarya ba ce?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ba ƙarya ta yi ba. A makaranta an raba maka abin gida biyu, santé ta jiki, paix ta gari. Mu kuwa kalma ɗaya ce, "lafiya", ta ɗauke su duka, har da kwanciyar hankali. Asalinta Larabci ne, al-afiya, wadda Manzon Allah (SAW) yake roƙo safe da yamma. In ka haye gadar Ngeli daga Kuseri ka shiga Njamena, "afe" ɗin da za ka ji ana yi ita ce dai. Fulaninmu na Garwa kuma "jam" suke cewa, haka su ma suke morar ta.

To, Hajiya ta wayi gari da ranta, da imaninta, jikokinta na kai da kawo a tsakar gida. Wannan take amsawa. Maganar ciwo tana da tata ƙofar, wato "ya jiki?", sai ta ce "da sauƙi". Sauran bayani sai mai dubiya ya zauna tukuna.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda murya ke juya kalmar. Wata rana da asuba maƙwabcina ya buga min ƙofa, ko takalmi babu a ƙafarsa. Ban gaishe shi ba, "Lafiya?" kawai na ce, gabana na faɗuwa. Ya ce, "Lafiya ƙalau, mai ɗakina ce ta sauka lafiya." Sau uku ke nan a numfashi biyu, kowacce da ma'anarta. Ga "sauka lafiya" ta matafiyi a tasha, ga "mu rabu lafiya" wadda kashedi ce, ga dillali na rantse maka cewa babur ɗin nan lafiyayye ne.

Wadda ta fi min nauyi ita ce "gari lafiya?". Da can gaisuwa ce kawai. Tun da hare-haren Boko Haram suka tsananta a 2014, in na kira 'yan'uwana a Mora na yi wannan tambaya, sai na riƙe numfashi har sun amsa. A lokacin na fahimci abin da magabata ke nufi da zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Gobe da safe, bayan ta ce maka "lafiya lau", kada ka tashi. Jawo tabarma kusa da gadonta, ka ce, "Hajiya, ina ne ke miki ciwo yau, kin samu barci kuwa?" Abin da ta faɗa maka shi za ka kai wa likita.