Kafin ka sayi kwalin ƙwaya mai fenti

Jiya muna rufe shago ka tare ni a bakin ƙofa, ka ce: "Maigida, ina so in fara ɗura harsashin 9mm na kaina saboda gasar harbin ƙarshen wata. Na ga ƙwaya mai fenti ta fi mai rigar jan ƙarfe araha, ga shuɗiya, ga ja, ga baƙa. Wacce zan saya?" Na ce ka bari sai na zauna, domin amsar da ake bayarwa a tsaye da makulli a hannu ba ta cika amfani ba. To ga ta.

Launin nan na ƙwaya, wato kan harsashin da ke fita daga bututu idan an harba, da ya ɗauke maka hankali, ɗana, manta da shi. Shuɗin kamfanin Blue Bullets da jan kamfanin Acme ba su da wani tasiri a kan inda ƙwaya za ta sauka. Amfaninsa ɗaya ne a wurina: idan ina da ɗuri iri biyu a kan tebur, launi yana hana ni haɗa su. Abin da zai zaɓa maka ƙwaya shi ne bututun bindigarka, kuma har yau ban ga ka auna shi ba.

Bari in fara da abin da ke hannunka. Ƙwaya mai fenti darma ce zubi, irin wadda ake amfani da ita tun zamanin kakanni. Bambancin kawai, da ana cusa man kaki a wata tsaga da ke kewaye da ita, yanzu kuma ana lulluɓe ta duka da wani siririn shafe na roba a gasa ta a tanda har ya kama jikinta. Wanda ya fi yaɗuwa a nan Amurka shi ne Hi-Tek, daga Ostireliya ya zo, ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, yawanci shafe biyu. Wasu kuma fentin hoda suke amfani da shi, irin wanda ake yi wa ƙarfen ƙofa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 akwai Nyclad mai rufin nailan, sannan a 2016 kamfanin Federal ya fito da Syntech, daga nan ma waɗanda ba sa ɗuri da kansu suka san abin. Kada ka haɗa ta da ƙwaya mai wankan jan ƙarfe irin ta Berry's ko X-Treme, wadda ake liƙa wa jan ƙarfe da lantarki. Kada kuma ka haɗa ta da mai riga ta gaske, wadda ake cusa darma a cikin kwanon jan ƙarfe mai kauri. Iri uku ne, kowacce da halinta a cikin bututu.

Shafen nan aikinsa ya raba darma da ƙarfen bututu. Muddin yana nan lafiya, bututunka ba zai yi datti da darma ba, hayaƙi zai ragu sosai idan ka kwatanta da mai man kaki, hannunka ba zai yi baƙi ba, dayis ɗinka, wato ƙarfen da ake ɗaura wa injin ɗuri don gyara kwanso da nutsar da ƙwaya, ba zai cika da danƙo ba. Amma da zarar ya karce, ko da ɗan kaɗan ne a gindi, ka koma harba darma tsirara wadda ko mai ba ta da shi. Wannan ya fi na da muni. Don haka duk maganar da zan yi maka daga nan a kan abu biyu take: ƙwayar ta cika bututun, kuma shafen ya isa bututun ba tare da ka fasa shi ba.

Kauri tukuna. Ƙwayar 9mm mai riga inci 0.355 ce. Mai fenti, kamar kowace darma, ana so ta ɗara da ɗigo ɗaya cikin dubu, wato 0.356. Haka yake a sauran: .45 ACP daga 0.451 zuwa 0.452, .40 daga 0.400 zuwa 0.401, .38 Special da .357 daga 0.357 zuwa 0.358. Za ka ce mene ne ɗigo ɗaya cikin dubu na inci, ko silin gashi ya fi shi kauri. To a nan duk rigimar take. Idan ƙwaya ba ta toshe bututu ba, iskar wuta mai zafi tana kurɗawa ta gefenta, ta ƙone shafen, ta yanki darmar ta shafa a jikin bututu. Mutane sai su ce fentin kamfani kaza ba shi da kyau, alhali ƙwayar ce ta yi wa bututun kaɗan. Kuma bututun 9mm ba duka ɗaya ba ne. Na auna wasu 0.355 daidai, na auna wasu da suka kai 0.357, musamman tsofaffin bindigogin Turai. Wanda ke da irin wannan, ko mai 0.356 ba za ta ishe shi ba.

Awon ba wuya. Ka cire bututun daga bindiga, ka shafa masa ɗan mai, ka samu dunƙulen darma tsantsa mai laushi wanda ya ɗan fi ramin girma, ka tura shi daga wannan baki zuwa wancan da sandar tagulla ko ta katako. Kada ka sa sandar ƙarfe. Abin da ya fito yana ɗauke da zanen cikin bututun, sai ka auna wurin da ya fi faɗi da maikuromita, na'urar awon ƙananan kauri. Ka zaɓi ƙwayar da ta ɗara wannan awo da ɗigo ɗaya. Gobe ka zo da bututun mu yi tare, minti goma ne.

Sai tauri, wanda masu talla suka fi son yi wa kirari. Ana auna shi da lambar Brinell. Darma tsantsa wajen 5 take. Haɗin da yawancin masu zubi ke amfani da shi, kashi 92 darma, 6 antimoni, 2 kuza, yana kaiwa 15 zuwa 16. Missouri Bullet Company suna sayar da mai 12 da mai 18. Yaro sabon shiga yana ganin 18 sai ya ce ai ita ce ta ƙwarai. Ba haka ba ne. Ƙwaya mai ɗan laushi, idan wuta ta buge ta daga baya, gindinta yana ɗan kumbura ya toshe bututu. Mai tauri ƙwarai ba ta kumbura a ɗuri mai sauƙi, idan kuma ta zo da ƙarancin kauri, ka haɗa matsala biyu. A .38 Special ko .45 na harbin takarda, mai 12 ta wadatar. A 9mm, da yake matsinta yana iya kaiwa fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci, wajen 15 zuwa 18 ya fi dacewa. Ni dai ban taɓa ganin tauri ya gyara ƙwayar da ba ta cika bututu ba.

Nauyi kuwa, gasar ce za ta faɗa maka. A USPSA, ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, ana ɗaukar nauyin ƙwaya a giren (ma'aunin nauyin ƙwaya da albarushi), a ninka shi da gudunta na ƙafa a daƙiƙa, a raba da 1,000, kuma dole sakamakon ya kai 125 a ƙaramin mataki. Mai giren 124 sai ta yi gudun ƙafa 1,009, mai 147 kuwa 851 ya ishe ta. Shi ya sa da yawa ke son mai nauyin, bugunta a hannu turi ne mai laushi. Wasu kuma suna cewa tana sa bindiga ta yi nawa wajen komawa. Wannan ɗanɗano ne, kamar yaji a miya. Ka fara da 124 ko 125, ita ce ba ta cika ba da wahala ba. Kuma kada ka tsaya daidai kan 125, ka ba da ɗan rata, domin sanyin safiya da na'urar awon alƙalai ba su san uzuri ba.

Siffar hancin ƙwaya ita ce inda na fi ganin mutane suna asarar kuɗi. Ƙwaya biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya siririn hanci, ɗaya mai kumatu. Mai kumatun tana taɓa zanen cikin bututu da wuri, musamman a bindigogin kamfanin CZ da maƙogwaronsu, wato ɗan filin da ke gaban harsashi kafin zanen ya fara, gajere ne. Iyakar tsawon harsashin 9mm inci 1.169 ne, amma wannan iyaka ce a takarda, bututunka yana da tasa. Ka haɗa harsashin gwaji, babu albarushi babu faraima (ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi), ka sake shi cikin bututun da ka cire. Ya kamata ya faɗa da kansa har ka ji "ƙwas", ka iya juya shi da yatsa, ka kifa bututun ya faɗo. Idan ya maƙale, ka ƙara nutsar da ƙwayar kaɗan ka sake. A nan ka buɗe kunne da kyau: kwanson 9mm ƙarami ne, duk nutsarwar da ka ƙara tana rage wa albarushi wuri, matsi kuma yana hawa da sauri. Idan sai ka nutsar da ita fiye da yadda littafin ɗuri ya rubuta kafin ta zauna, to dole ka koma ƙasan ma'aunin albarushi, ko ma ka canza siffar ƙwayar gaba ɗaya. Ni canzawa nake yi.

Da ma ba zan rubuta maka yawan albarushi a takarda ba, kuma kada ka karɓa daga bakin kowa a filin harbi, ko da ya girme ni. Ka buɗe littafin Lyman na ƙwayar zubi ko jadawalin Hodgdon, ka duba layin darma mai nauyin taka, ka fara daga mafi ƙanƙanta, ka hau a hankali kana awon gudu. Layin darma, ba na mai riga ba. Albarushi mai saurin ci da zafi irin Titegroup yana sa mai fenti ta fi hayaƙi, kuma da yake kaɗan ake zubawa, kwanso yana iya ɗaukar zubi biyu ba ka lura ba. Ka leƙa cikin kowane kwanso kafin ka ɗora ƙwaya. Kowane ɗaya.

Yanzu shi kansa shafen, ta yaya za ka san an gasa shi da kyau? Gwaji biyu ne. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ɗora a kan maƙera ka buga mata guduma har ta baje kamar kwabo. Shafe mai kyau yana bin darmar ya miƙe tare da ita. Idan ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, bai kama ba. Na biyu, ka jiƙa farin ƙyalle da asiton, ruwan nan mai narkar da fenti, ka goge wata na kamar daƙiƙa 30. Idan launi ya zubo sosai a ƙyallen, bai gasu ba. Na taɓa sayen 3,000 a wurin wani mai zubi saboda ya yi ragi, ban gwada ko ɗaya ba. Bayan harbi 100 na leƙa bututu na ga darma ta kwanta kamar an yi mata yaɓe. Da na kai guduma sai ga fenti yana tashi. Kwana biyu na yi ina kankara, sauran ƙwayar kuma na narkar. Tun daga ranar ba na sayen kwali sai na fara da ƙaramin ƙunshi na 100 ko 250. Kusan duk masu sayarwa suna da shi.

Amma gaskiya, ƙwayar da mai zubi ya ɓata kaɗan ce idan aka kwatanta da wadda mai ɗuri ya ɓata da hannunsa. Bakin kwanso kaifi gare shi. Idan ba ka buɗe shi yadda ya kamata ba, yana aske shafen yayin da ƙwaya ke shiga, za ka ga ɗan zoben fenti ko ƙyallin darma a bakin. Ka buɗe shi fiye da yadda ake yi wa mai riga, har ƙwayar ta zauna da kanta ba ta karkace ba. Dayis ɗin M na Lyman yana da kyau a nan, domin yana yi mata ɗan mazauni. Sannan ka raba nutsarwa da matse baki, kowanne a tasharsa. Idan ka haɗa su a dayis ɗaya, bakin yana rufewa alhali ƙwayar tana kan tafiya, askin ke nan.

Matsin bakin ma ba riƙe ƙwaya yake yi ba a 9mm, jikin kwanson ne ke riƙe ta. Aikin matsi kawai ya mayar da bakin da ka buɗe. Lissafinsa: kaurin ƙwaya da kaurin bangon kwanso sau biyu, wanda yakan ba ka wajen 0.378. Ka ɗura ɗaya, ka zare ƙwayar da gudumar zarewa, ka duba. Ɗan layi mara zurfi ba komai. Idan ka ga tsaga har darma ta fito, ka sassauta. Ka kuma auna ta, idan ta shiga tana 0.356 ta fito tana 0.354, wani abu yana matse ta. Sau da yawa zoben da ke cikin Factory Crimp Die na Lee ne, wanda ke daidaita jikin harsashi gaba ɗaya. Tagulla tana ɗan dawowa bayan matsi, darma ba ta dawowa. Ka ga duk awon da ka yi wa bututu ya tashi a banza.

Ka tambaye ni ko abokinka zai iya harba mai fenti a bindigarsa ta Glock. Kamfanin ya ce kada a yi amfani da harsashin ɗurin gida a bindigoginsa, kuma an daɗe ana gargaɗi a kan darma tsirara a irin zanen bututunsu. Masu gasa da yawa suna harba mai fenti a ciki suna duba bututu a kai a kai, wasu kuma suna sayen wani bututun daban. Ka faɗa masa duka biyun, ya yanke wa kansa.

Kada kuma fentin ya sa ka saki jiki da darma. Yawancin faraima akwai sinadarin darma a cikinta, ƙurar tsofaffin kwanso ma haka. Ba ci ba sha a kan teburin ɗuri, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, tabarau kuma a fuska. Warin ƙonanniyar roba da za ka ji a filin cikin gini, wannan halinta ne.

Abu na ƙarshe, tunda na ji kana cewa abokai za su so ka ɗura musu. A dokar tarayya ta nan, ɗura wa kanka ba ya buƙatar lasisi, amma mai da shi sana'ar sayarwa sai da lasisin ƙera harsashi. Kuma idan ka je hutu gida Najeriya, ka bar wannan aiki a nan, dokar makamai ta can ba ta yarda mutum ya haɗa harsashi a ɗakinsa ba. Ko kwanso ɗaya kada ya ɓuya a jakarka, ka zazzage ta kafin ka nufi filin jirgi.

Ka yi odar ƙunshi biyu ƙanana masu giren 124 ko 125, ɗaya zagayayyen hanci ɗaya mai tsini da yankakken kai, amma sai bayan mun auna bututun. Dunƙulen darmar yana cikin aljihun tebur na biyu, ka ɗauko shi da safe kafin in iso.