Lemon tsami na da pH kusan 2, amma asid ɗinsa mai rauni ne

Ƙanwata, kin ce kin rasa gane yadda ruwan lemon tsami zai nuna pH kusan 2, kusa da na ruwan tumbin mutum, amma malaminku ya ce asid ɗinsa mai rauni ne. Malamin yana da gaskiya. Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma duk shekara sai ƴan aji biyar sun yi tuntuɓe a daidai nan.

pH ba ƙarfin asid yake aunawa ba. Yawan ayon ɗin haidirojin, wato ƙwayoyin haidirojin masu caji, da ke yawo sake a cikin ruwan yake ƙirgawa, shi ke nan. Wani masani ɗan Denmak mai suna Sorensen ne ya fito da ma'aunin a 1909, kuma ya tsara shi ta yadda kowane mataki ninki goma ne. Ruwa mai pH 2 ya fi mai pH 3 ayon sau goma, ya fi mai pH 4 sau ɗari. Shi kuwa ƙarfi ko rauni halin asid ɗin ne: in ya shiga ruwa, duk haidirojin ɗinsa yake saki ko kaɗan? Haidirokulorik duka yake saki. Asetik, wanda ke cikin ruwan kal, in aka zuba mol 0.1 a lita ɗaya (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), abin da yake saki bai wuce ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari ba.

Ɗauki manoma biyu masu buhu ɗari-ɗari. Ɗaya ya kwashe nasa gaba ɗaya ya kai kasuwa, ɗayan ya kai buhu guda ya bar sauran a rumbu, sai an saye ya ƙara fito da wani. pH hatsin kasuwa kawai yake gani.

Ga yadda nake nuna wa yara a ɗakin gwaji. Kofi biyu, ɗaya haidirokulorik, ɗaya asetik, kowanne mol 0.1 a lita. Na farko pH 1, na biyu kusan 2.9. In kika jefa guntun maganiziyam a kowanne, na farkon nan take zai hau tafasa, na biyun sai kumfa ɗaya-ɗaya. A nan duk ajin kan yarda cewa na farkon ya fi asid yawa. Sai in sa su ɗebi awo ɗaya daga kowane kofi, su riƙa ɗiga musu sodiyam haidiroksaid, sinadarin da ke kashe asid, har asid ɗin ya mutu. Abin da wannan ya sha, shi wancan ya sha. Ba na mantawa da wani yaro da ya dage sai dai in bututun awonsa ne ke yoyo, ya sake gwajin da kansa. Dalilin kuwa a fili yake: duk ayon ɗin da aka cinye, asetik sai ya saki wani, har na rumbun ya ƙare. Amma a kula, cikin sinadaran da ke sauya launi su nuna asid ya mutu, fenolftalin ake sa wa asetik. Metil orenji, wanda aka fi sabawa da shi a gwajin WAEC da NECO, tun da wuri yake sauya launi ya ɓata lissafi.

Yanzu ki duba lemon tsaminki. Asid ɗin sitirik ne a ciki, mai rauni, sai dai yana da yawa, wajen kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na ruwan. Ɗan abin da ya saki ya isa ya saukar da pH. Ta ɗaya ɓangaren, ki sirka wancan haidirokulorik ɗin da ruwa ninki dubu, zai koma pH 4, sama da na lemon. Bai tashi daga mai ƙarfi ba, ruwa ne kawai ya yi masa yawa.

Sirkawar ma hanya ce ta bambance su in ba a rubuta suna a kwalba ba. Mai ƙarfi, in aka sirka shi ninki goma, pH ɗinsa zai hau da 1 cif. Mai rauni da kusan rabi zai hau, asetik daga 2.9 ya koma wajen 3.4, domin ƙarin ruwa na sa shi ya ƙara saki.

Kada kuma wani ya ɗauka mai rauni ba ya cutarwa. Haidirofulorik mai rauni ne, amma yana cin gilashi, in ya taɓa fata yana ratsawa har ƙashi. Tsagwaron asetik ma yana ƙuna. Ruwan batir kuwa salfurik ne, ga ƙarfi ga kauri, pH ɗinsa ƙasa da 1. Shi ya sa asid ake zubawa a ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa a kan asid.

In makarantarku ba ta da takardar awon pH, zoɓo zai ɗan taimaka. Ki sa masa jiƙon kanwa, jan zai dushe ya yi duhu, ki matsa lemon tsami ya dawo jawur. Sai dai launin ma pH yake nuna miki, ba zai faɗa miki halin asid ɗin ba.

A jarrabawa, fara duba mol nawa aka ba ki a kowace lita. In haidirokulorik ne ko naitirik, adadin mol ɗin shi ne adadin ayon, don haka 0.01 na nufin pH 2. In asetik ne, kada ki yi haka, sai kin bi ta Ka ɗinsa, lambar da ke nuna yadda yake sakin haidirojin, wato 1.8 × 10⁻⁵. Salfurik kuma haidirojin biyu ke gare shi, a lissafin sakandare ninka mol ɗin ake yi sau biyu kafin a nemi pH.