Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama: Amsar Tambayoyinku Kan Ma'aikatan Mujalla

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun zo kamar an haɗa baki, domin kusan dukansu a kan masu aikin jarida da mujalla suke, da sunayen da ya dace a kira su da su. Sai na tattara su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wata 'yar mujalla a Kaduna mai kawo girke-girke, ado da kwalliya, tarbiyyar yara da zaman aure. Mun yi shawarar mu ware shafi biyu mu gabatar da kanmu ga masu karatu, kowa da hotonsa da sunansa. Wani abokin aikinmu ya ce a raɗa wa shafin suna "Sanin hali ya fi sanin kama". Ni kuma na ce ai kama za mu nuna, ba hali ba. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Malama, in dai hoto da suna kawai za ku jera, ke ce da gaskiya, kuma karin maganar zai juyo ya yi muku dariya. Kama a nan ita ce siffar mutum da ido ke gani, wato kamanninsa, ba kama ta kamun kifi ko kamun ɓarawo ba. Hali kuwa iri biyu ne a Hausa, ko da yake rubutunsu ɗaya. Akwai wanda ake jan gaɓarsa ta farko, wanda muka aro daga Larabci, shi ne na "halin da ake ciki" da "ba ni da hali" da "mai hali", wato mai abin hannunsa. Akwai kuma wanda ba a ja, mai jam'i "halaye", shi ne ɗabi'ar mutum. Wannan na biyun ne ke cikin karin maganar, shi ne kuma wanda ake ce wa zanen dutse.

Inda Bahaushe ya fi jefa wannan magana shi ne wurin binciken aure, da wurin ba da bashi, da lokacin da za a haɗa jari da wani. Yaro ya zo ya ce ya ga yarinya son kowa ƙin wanda ya rasa, sai tsohuwa ta ce masa a dai je a tambayi maƙwabta, sanin hali ya fi sanin kama. Gargaɗi ne ga wanda ido ya ruɗa. To kin ga ba kyau mutum ya liƙa gargaɗi a saman hotonsa da kansa.

Amma abokin aikin naki bai ɓata gaba ɗaya ba. In kuna son sunan ya zauna daram, ku ba shi haƙƙinsa. Mai shafin girki ta faɗa mana wurin wa ta koyi miyar kuka, kuma wane abinci ne har yau yake ba ta kunya gaban baƙi. Mai ba da shawarar zaman aure ta faɗi shekara nawa ta yi a nata ɗakin, domin masu karatu suna da haƙƙin sanin daga bakin wa suke karɓar nasiha. Wannan shi ne ɗan abin da takarda ke iya nunawa na hali. Sauran sai zama, shi ya sa aka ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

In kuwa ba ku da wurin yin duk wannan, ku ɗauki "Gani ya kori ji". Mutane sun daɗe suna jin sunayenku, yau ga ku. Ni kaina na yi shekaru ina sauraron wani mai karanta labarai a rediyo, muryar nan kamar ta cika ɗaki, na ɗauka wani ƙaton mutum ne mai rawani. Ranar da aka nuna mini shi a wurin wani ɗaurin aure, ɗan siriri ne, da ƙyar ya kai kafaɗata.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga Katsina. Na ga an rubuta "ma'aikatanmu" a wata mujalla, a wani wurin kuma "ma'aikatarmu". Kuskuren bugu ne?

AMSA: Ba kuskure ba ne, ɗana, kalmomi biyu ne da suka sa riga iri ɗaya. Hausa tana ɗora "ma-" a gaban aikatau ta fitar da mai yin aikin, ta kuma fitar da wurin da ake yin sa. Daga "aikata" aka sami ma'aikaci, ma'aikaciya, ma'aikata, wato mutane. Aka kuma sami ma'aikata, wato wurin aiki, kamar Ma'aikatar Ilimi. Karin sauti ne ke raba su. In mutane ake nufi, murya takan hau a gaɓar farko, ta sauka a tsakiya, ta sake hawa a ƙarshe. In wuri ne, tana sama daga farko har ƙarshe. Faɗi "maƙera sun tafi maƙera" ko "marina suna marina" ka saurari bakinka, za ka ji.

Tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti, sai mu dogara da ɗafi, wato harafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma: jam'i yana ɗaukar -n, mace tana ɗaukar -r. Ma'aikatanmu mutanenmu ne, ma'aikatarmu ofishinmu. Wannan ruɗani ne ya sa 'yan jarida suka fi son "masu karatu" a kan "makaranta", kada wani ya zaci firamare ake gaya wa magana.

TAMBAYA: Malam, don Allah ka bambanta mana edita da mawallafi da marubuci da wakili. A wurinmu kowa abin da ya zo bakinsa yake kiran kansa.

AMSA: Bari mu fara da gidan kafin mutanen cikinsa. Jarida da mujalla duk Larabci ne. Asalin "jarida" a wurin Larabawa reshen dabino ne da aka zage wa ganye, daga baya kalmar ta koma kan takardar lissafi, sannan takardar labarai. Mai aikinta muka ce masa ɗan jarida, a kan tsarin ɗan kasuwa da ɗan dako da ɗan sanda, mace 'yar jarida.

Edita daga Ingilishi muka aro, kuma ta daɗe da zama 'yar gida har ta yi jam'i, editoci. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, kunnen Bahaushe ya saba da ita. Shi kansa kwabon da ke cikin sunan jaridar aro ne, daga sunan jan ƙarfe a Ingilishi, kuma shi ne kuɗin jaridar a lokacin. Masu ƙyamar aro sukan ce "mai tace labarai". Hoton da ke ciki yana da kyau, kamar mace na tace gasara tana fid da dusa. Sai dai tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kalmar "tace" ta ɗauki ƙamshin hani da yankewa. Ni dai na fi son a bar edita a wurinta.

Marubuci tamu ce tsantsa a ƙira, daga "rubuta", kuma ba ta da rikici: wanda ya zauna ya rubuta. Rikicin yana wurin mawallafi. A Larabci kalmar tana nufin wanda ya tsara littafi da kansa, tushenta ɗaya da "talifi", kamar yadda aka kira ofishin nan na Zariya da ya riƙa fitar da littattafan Hausa a da Hukumar Talifi. Tsofaffin malamanmu haka suke amfani da ita har gobe. Amma da aka shiga cewa "an wallafa labari" da nufin an fitar da shi ga jama'a, sai mawallafi ya zama mai kamfanin da ke fitarwa. Yanzu duka biyun suna yawo. A shafin ma'aikata, ku ba mai mujallar "mawallafi" ko "mawallafiya", ku bar wa masu alƙalami "marubuta", kowa ya san matsayinsa. Wurin da inji ke bugawa kuma maɗaba'a ce, daga "ɗab'i".

Wakili shi ne wanda ya tsaya a madadin wani, kamar wakilin ango ranar ɗaurin aure. Wakilin jarida a Sakkwato ko Maraɗi idon jaridar ne da kunnenta a can. Wanda ke zaune a hedikwata yana rubutu ba wakili ba ne, ko da ya fi kowa iya alƙalami.

Ga wata da ba a tambaya ba amma ina sonta: magatakarda. Ku rarraba ta, ma-ga-takarda, mai ganin takarda, ƙirarta ɗaya da maci-amana. A fada shi ne mai karanta wa sarki wasiƙu da rubuta amsa. Ita kanta "takarda" ta bakin Buzaye ta iso mana.

Gargaɗi ɗaya. Mai bin rubutu yana gyara kurakurai kafin a buga, kada ku rubuta "mai duba" a ƙarƙashin hotonsa. Mai duba a Hausa shi ne mai buga ƙasa, kada ku wayi gari mata sun yi layi a ƙofar ofis suna neman a duba musu miji. Ku ce mai gyaran rubutu.

TAMBAYA: "Salon rayuwa" Hausa ce kuwa?

AMSA: Kalmomin Hausa ne, ɗinkin ne na baƙo. An fahimce ta, ba zan hana ba. Amma kakarki da za ta faɗi abin da mujallarku ke ciki, "zaman duniya" za ta ce, wanda aka ce iyawa ne. In tufafi da kwalliyar da ke tashe ake nufi, wannan "yayi" ne.

TAMBAYA: Malam, ni ne mai tsara shafuka a wata mujalla a Kano. Nakan kwana a kan kwamfuta, amma da aka gabatar da ma'aikata ba a sa sunana ba, aka ce ni na bayan fage ne. Na ce musu kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Oga ya ji haushi. Na yi kuskure a Hausar?

AMSA: Ɗana, a Hausar ba ka yi kuskure ba, a wurin faɗar ne ka yi. Gardi a nan ba gardin makarantar allo ba ne, wato almajirin da ya girma. Gardin wasan kura ne, mai yawo kasuwa-kasuwa da kura a ɗaure da sarƙa, an sa mata takunkumi, ana kiɗa yana juya ta da sanda, jama'a na jefa kuɗi. Wahala ta dabba, riba ta mai sanda. To ka ga da ka faɗa a gaban maigidanka, ka kira shi mai cin gumin wani, kai kuma ka kira kanka kura. Ba wanda ya fita da riba a cikinku.

"Bayan fage" ma da suka ce maka, ban so ta ba. Fage fili ne da ake dambe ko kokawa ko wasa, inda idon jama'a yake. Abin da ke bayansa ba a gani, shi ya sa kalmar ta fi zama a bakin 'yan siyasa, inda ake ƙulle-ƙulle da sasantawar da ba a so a ji. Mai aikin halal da rana tsaka bai cancanci wannan inuwar ba.

Da ni ne kai, da na sami oga shi kaɗai na ce masa, ranka ya daɗe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran birni da yawa ba su taɓa ganin jinka ba. Rufin ɗakin ciyawa ce mai tsini, a ƙasa ake ɗaure ta da itace da igiya a baibaye ta, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta, a ɗaga gaba ɗaya a ɗora a kan bango. In mutum ɗaya ya saki gefensa, ta karkace. Magana ɗaya kuke yi da ta kura, amma wannan tana sa shi cikin masu ɗagawa, ba ta tsayar da shi gefe da sanda ba.

In kuma yana son hujja, nuna masa wasiƙar nan taka. Da ta iso hannuna, wayarka ta cinye lanƙwasar haruffa duka, ta kuma sa wata inda babu. Abin da na karanta shi ne "ƙura da shan bugu", ga "kudi" da "karbar" tsirara. Ƙura kuwa ba ta shan bugu sai a jikin katifa. Haka gardi, in aka lanƙwasa masa d ya zama garɗi, daɗin soyayyar gyaɗa ke nan. Haruffan nan uku, ɓ da ɗ da ƙ, da suka zauna a rubutunmu tun shekarun 1930, wani ne ke zama da dare yana tabbatar da kowanne yana wurinsa kafin mujalla ta tafi maɗaba'a, kuma a gidanku kai ne. Ka ce a rubuta "mai tsara shafi" a ƙarƙashin hotonka a fitowa ta gaba.

Wadda ta yi tambaya a kan bambancin kwalliya da ado da gayu, ta yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.