Kunkurun da yaro ya gaji da shi: a kai shi daji ko a ci gaba da riƙo?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ɗanka ya sayi kunkuru a wajen mai talla a kasuwar Kejetia ta Kumasi shekara 2 da suka wuce, yanzu ya daina kula shi, kana so ka kai shi daji ka saki, tunda ba kyanwa ba ce ko kare da za su san mai su.

Haƙƙin dabba a kanka bai rataya a kan ko ta gane muryarka ba. Ya hau kanka ne ranar da aka ɗauke ta daga inda take ciyar da kanta aka killace ta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ma a kan haka yake: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi nata ba. A ganina nauyin masu jan ciki ya ma fi, don suna daɗewa. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, kyanwa 12 zuwa 18. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda ake fitarwa waje daga Ghana da Togo da Benin, tana yin 20 zuwa 30. Babban kunkurun Sahel yana wuce 50. Ga shi ba sa kuka. Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, amma shirun nan ba alamar lafiya ba ce. Jikinsu a hankali yake aiki, sai kunkuru ya yi watanni yana ciwo kafin mutanen gida su lura.

Kafin komai, gane wane iri ne a hannunka, don abincin wani cuta ne ga wani. Juya shi ka dubi ƙarshen ƙoƙon bayansa. In akwai gaɓa mai lanƙwasawa da ke rufe ƙafafun baya, launinsa kuma ƙasa-ƙasa mai duhu, to na kurmi ne, wanda aka fi kamawa a yankin Asante. Tsawonsa santimita 20 zuwa 30. In kuwa launin rairayi ne, da manyan ɓawo a ƙafafun gaba da ƙaya a cinya, na Sahel ne, kuma wannan ɗan da ke cika tafin hannu yau zai iya haura kilo 40, ya haƙa rami a ƙarƙashin katanga. A gidan haya a unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase, gaskiya riƙonsa da wuya.

Na kurmi inuwa da laima yake so, zafi wajen digiri 24 zuwa 28. A yi masa shinge a gindin bishiya, aƙalla mita 2 da mita 1, tsayi santimita 40, da murfin waya, saboda ɓera yana cin ƙafar kunkuru da dare, kare kuma yana tauna ƙoƙon. A zuba ƙasa da busasshen ganye kaurin santimita 10 yadda zai shige ya ɓuya. Kada a kwaso ganyen daga gonar koko da aka yi wa feshi. A binne faranti mai faɗi, ruwan bai wuce haɓarsa ba, a riƙa canzawa kullum don a ciki yake kashi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma. In ba haka ba idonsa ya faɗa ko ya manne, ya daina ci. Abincinsa dodon koɗi da ɓawonsa, tana, laimar kwaɗi irin wadda ake ci, gwanda, da ɗan ayaba, bayan kowane kwana 2. Na Sahel kuwa ciyawa ce kusan dukan abincinsa, ɗanya da busasshiya, sai ganyen kabewa ko na kuɓewa. 'Ya'yan itace da yawa suna sa shi zawo, damunar Kumasi kuma tana ruɓar masa da ƙoƙo in ba shi da busasshen ɗaki.

Abin da ya fi kashe su a gidajenmu shi ne ajiya a ɗaki a kan tayil, ana ba su ragowar shinkafa da burodi. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, yana buƙatar sinadarin kalsiyam, jiki kuma ba ya ɗaukarsa sai da hasken rana kai tsaye. Wanda ya ratso gilashin taga ba ya aiki. Ko na kurmi ma a bar masa gefen da ranar safe ke ɗan taɓawa. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka lukui, a barbaɗa ɗan tsunkule a abinci sau 2 a mako. In ka danna ƙoƙon babban kunkuru ka ji yana lotsawa, an riga an makara sosai. Ɗanyen kontomire, wato ganyen gwaza, kada a ba shi. Huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya, da shafa masa fenti, duk a bari. Akwai jijiya da jini a wurin.

Ga wani abu da nake so masu kiwon raguna su ji da kyau: ivermectin, maganin tsutsa da ake yi wa tumaki da awaki, yana shanye jikin kunkuru, ya kashe shi. Kusan duk wanda aka kamo daga daji yana da tsutsar ciki, amma kashinsa za a kai wa likitan dabbobi, shi zai auna magani gwargwadon nauyi. Akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ana iya fara tambaya can. A riƙa aza shi a sikeli kowane wata ana rubutawa. Raguwar nauyi, kumfa a hanci, ko numfashi da baki a buɗe, duk ba a jira da su. Sannan suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum zawo, ko suna lafiya: sabulu bayan taɓawa, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya ɗauka, farantin kunkurun kada ya shiga cikin kwanukan gida.

Sakinsa a daji kuwa ban goyi baya ba. Ba ka san dajin da aka kamo shi ba, zai iya kai cutar da ya kwasa a kasuwa ga na can, kuma a gefen gari mai farauta ko mota ce za ta same shi. Ɗaya daga cikin kunkurun kurminmu yana cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. In riƙon ya gagara, ka tuntuɓi sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji. Gidan zu na Kumasi, nan kusa da Kejetia, a ƙarƙashinsu yake. Ka tambaye su batun takardar izinin riƙe shi ma. In wani za ka ba, ka je ka ga shingen da idonka tukuna.

Turo hotonsa ta gefe da ta baya, ka ajiye kwabon sidi ɗaya kusa da shi don a ga girmansa, sai a faɗa maka irin da yake.