Ina son karanta ikoloji amma na samu D7 a lissafi, mai kafe ya ce in kawo kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa. Tun ina yaro nake bin mahaifina fadama, kuma burina in karanta ilimin da zai fahimtar da ni yadda ciyawar kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa, da abin da ke kawo tsuntsaye dausayin Baturiya lokacin sanyi. Malaminmu na bayoloji ya ce sunan fannin ikoloji. Ina da kiredit a Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, amma lissafi D7 na samu. Wani mai kafe, wato shagon intanet, ya ce kada in damu, bayoloji ba ruwansa da lissafi, in kawo kuɗi yana da mutum a ciki, in na shiga sai in gyara daga baya. Baba har ya fara maganar sayar da raguna biyu. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka gaya wa Baba ya bar ragunan a turkensu.

Sunan kwas ɗin tukuna. A Amurka da Ingila akwai jami'o'in da ke da sashe guda mai suna ikoloji da sauyawar halittu, tun daga digirin farko. A jami'o'in da ke kusa da kai ƙofar ita ce digirin bayoloji, ko zuwoloji wato ilimin dabbobi, ko botani wato ilimin tsirrai. Ka duba Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Bayero, da ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, ka ga wanne kowacce ke bayarwa a kundin JAMB na shekarar da za ka nema. Shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarabawar JAMB, 3 ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko NCE. A ciki za ka haɗu da ikoloji da ilimin gado da sauyawar halittu, ka fita aikin sanin makama, ka rubuta furojet a aji huɗu. Ƙwarewa sosai sai a digiri na biyu, kuma mai son tsuntsaye irinka ya riƙe sunan APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos.

A JAMB ka zaɓi Turanci, bayoloji, kemistiri, na huɗu fiziks ko lissafi, gwargwadon abin da kwas ɗin ya nema. Daga sakandare kuma kiredit 5: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a zaman da bai wuce biyu ba. Kiredit daga C6 yake farawa. D7 ba kiredit ba ne, ko wa ya gaya maka.

Yanzu ga maganar da ta ishe ni, wadda duk shekara sai ta biyo ni har ofis: "a shiga tukuna, a gyara daga baya". Ban san jimlar da ta ci shekarun 'ya'yan talakawa kamar wannan ba.

Tun 2017 JAMB ta mayar da bayar da gurbin karatu kan manhajar CAPS. Jami'a ce ke tura sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga shafinka ka danna ka karɓa, sannan ka fitar da takardar. Kafin nan sai an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba gurbi ba ne. To ina "mutumin ciki" zai shiga? Abu uku ne kawai mai kafe zai iya yi maka. Ko ya karɓi kuɗin ya kashe waya. Ko ya buga maka takardar bogi mai tambarin jami'a, ka ɗauki akwati a yi maka rakiya har tasha, a kore ka a teburin tantancewa. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya mayar da D7 ɗinka C5 a kwamfuta, ka samu ka kutsa.

Na ukun nan na gani da idona. A wata jami'a da na koyar, akwai yaron da na duba wa furojet, mai ƙoƙari, ɗan ƙauye kamarka. Ya yi wata uku yana shiga ruwa har gwiwa yana ɗebo samfur a kwalabe. Da aka zo tantancewar ƙarshe aka binciki lambar jarabawarsa a wurin hukumar da ta shirya ta, sai ga sakamakon gaskiya ya sha bamban da na fayil ɗinsa. Ya zauna a kujerar ofishina da furojet ɗin a cinyarsa, an riga an yi masa bango, yana ta shafa shi, ya kasa magana. Ya rantse bai san an taɓa takardar ba, yayansa ne ya kai wa wani kuɗi. Na yarda da shi, amma yardata ba ta da amfani a gaban kwamiti. Shekara huɗu, kuɗin makaranta, kuɗin haya, buhunan geron da aka riƙa aiko masa, duk suka tafi. Ba digiri, ba bautar ƙasa. Wanda ya karɓi kuɗin kuwa yana nan yana buɗe shagonsa kullum da safe.

Sai ɗaya rabin ƙaryar, wai bayoloji ba ruwansa da lissafi. Mai faɗin haka bai taɓa leƙa ajin ikoloji ba. Ka ce kacalla ta dame ka. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke sauka zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru: ambaliyar damina ta ragu, wasu hanyoyin kuma suka daina bushewa da rani, kacalla ta samu abin da take so. Wannan kowane masunci a hanyar ruwan Marma ya san shi da ido. Abin da zai bambanta ka da shi shi ne awo. Za ka jefa firam mai faɗin mita ɗaya a wurare da dama, ka ƙirga tushe nawa ke cikin kowanne, ka fitar da matsakaici, sannan ka gwada ko bambancin da ke tsakanin wannan gaɓa da waccan na gaske ne ko katari ne kawai. Garken jan-baki da ya sauka a gonar shinkafa, wa zai ƙirga shi ɗaya-ɗaya? Ƙiyasi ake yi, kuma ƙiyasi yana da ƙa'ida. Tun a aji ɗaya lissafi wajibi ne a kanka, ƙididdiga na jiranka a gaba, kuma a nan na fi ganin ɗalibai suna maimaita kwas.

Sauyawar halittu ma haka. Ka san in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Me ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu? Saboda mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Me ya sa kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya daina aiki har aka sauya magani, me ya sa feshin da ke kashe sauro a da yanzu wani sauron ke tsallake shi? Amsoshin duk lissafin yawaitar ƙwayoyin gado ne daga zuriya zuwa zuriya. Wanda ke gudun yiwuwa da aljabara zai haddace ya zuba a takarda, ya fita bai fahimci komai ba.

Iyaye, da ku nake yanzu. Na san ba son zuciya ke kai ku ba, tsoro ne kada yaro ya zauna a gida sa'o'insa su wuce shi. Amma kuɗin nan da kuke miƙawa a bayan shago cin hanci ne, kuma in ya yi aiki, gurbin ɗan wani ne aka ƙwace, wanda ya yi karatu ya ci. Da wane ido za mu roƙi albarka a ilimin da aka fara shi da takardar ƙarya? Shekara ɗaya a gida ba mutuwa ba ce. Na koyar da ɗalibai da yawa da sai a zama na biyu suka haɗa kiredit ɗinsu, kuma babu abin da ya rage su da shi.

Kai kuma ɗana, matsalarka ƙarama ce, darasi ɗaya ne. Ka yi rajistar jarabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ka haɗa sabon sakamakon da na yanzu su zama zama biyu. JAMB ta yarda ka yi rajista kana jiran sakamako, muddin ka ɗora shi kafin a ba da gurbi. Ka yi amfani da lambar NIN ɗinka da layin wayarka na kanka, ka je cibiyar da aka amince da ita, kuma kada ka bar kowa ya zaɓa maka darussa ba ka kallon allon, don bayan jarabawa ba a sauya abin da aka rubuta. Ka nemi malamin lissafi na makarantarku ya zauna da kai a kan aljabara, logaridim, zanen giraf, yiwuwa da ƙididdiga, kuna bin tambayoyin shekarun baya. In Baba na son kashe kuɗi a kanka, ga inda zai kashe.

Kuma tunda Baturiya a gefenku take, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, ka sayi littafin rubutu na musamman. Duk fitar da kuka yi fadama ka rubuta rana, wuri, irin tsuntsun da sunan da Baba ke kiransa, da guda nawa ka gani. Ka taho da littafin ranar da za ka zo rajista, ina son in gan shi.