Zauren Masu Karatu: Wa ya fi wani albashi?

Wasiƙu biyu suka zo mini a mako guda, ɗaya daga saurayi, ɗaya daga uwar 'ya'ya, kuma lissafi iri ɗaya ne ke hana su barci. Na rage musu tsawo, na haɗa su.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 28, na karanta kimiyyar sinadarai, bara na gama bautar ƙasa. Allah ya kawo mini ayyuka biyu lokaci guda. Na farko koyarwa a sakandaren gwamnatin jiha, mataki na 8, an ce abin da zai riƙa shigowa bai kai naira dubu 100 ba. Na biyu a banki, sashen nemo masu ajiya, dubu 180 a wata, amma kwantiragi ne. Mahaifina ya ce gwamnati, ba ya son jin wata magana. Ni kuwa ina kallon abokina da ko sakandare bai gama ba, yana tsaron shago a Kantin Kwari, ya ce wani watan yakan tashi da dubu 300. Baba, wa ya fi wani a cikinmu?

Ɗanka, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Shekara 35 cif na yi a ofishin biyan albashi kafin na ajiye biro, saboda haka na ga takardun albashin mutane fiye da yadda na ga fuskokinsu. Abin da waya ke nunawa a ƙarshen wata guntun labari ne. Sauran yana cikin takardar ɗaukar aiki, wadda matasa ke sa wa hannu ba su karanta ba.

Mu fara da abokinka, domin shi ne ya fi damun zuciyarka ko da ba ka faɗa ba. Ya gaya maka watan da ya yi dubu 300. Ya gaya maka watan bayan Sallah, lokacin da kasuwa ke mutuwa ana zaune ana kore ƙuda? Abin da yaron shago ke samu yana hawa da sauka da kasuwa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi kuma babu ko kwabo. Amma kada ka raina shi. Yana tara abin da kai ba za ka tara a aji ba: ya san dila, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama, kuma in ubangidansa mai tsoron Allah ne, wata rana zai yaye shi da jari. Wannan shi ne garatutinsa. Ya fara tun yana ɗan shekara goma sha wani abu, kai kana makaranta, don haka awo da shi a yau zaluntar kanka ne.

Yanzu banki. Kafin ka yi murna da dubu 180, ɗauko takardar ka duba sunan da ke samanta. Sau da yawa ma'aikacin kwantiragi yana sa rigar banki, yana zama a cikin banki, amma wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi, kuma shi ne zai sallame shi. Ka tambaye su ko kuɗin nan kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. A dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya hau kan haka akwai. Ka tambaya ko akwai adadin ajiyar da za a yanka maka ka kawo duk wata, da abin da ke faruwa da wanda ya kasa wata uku a jere. Sannan ka nemi tsohon ma'aikaci a wajen, ba a ofishin manaja ba, ka tambaye shi mutum nawa ya gani da idonsa an mayar da su ma'aikatan dindindin. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Batun fansho kuwa, dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8, mai ɗaukar aiki ya sa kashi 10, a kan gundarin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota. In waɗannan ukun sun kai dubu 100, za a cire maka dubu 8, a ƙara maka dubu 10 daga aljihun kamfani, dubu 18 kenan duk wata a asusun da ke ɗauke da sunanka, wanda zai bi ka ko ka canja aiki. Wannan dubu 10 albashi ne da ba ya zuwa waya. Wasu kamfanoni kuma wayo suke yi, su ƙanƙantar da gundarin albashi su cusa sauran a alawus iri-iri, don kason da za su biya ya ragu. Na sha ganin takarda mai dubu ɗari da wani abu, gundarinta ba ya sayen buhun masara.

Ba zan yi maka ƙarya game da aikin gwamnati ba. Albashinsa ya rame. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, kuma a lokacin ya haura dala 100. Ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a watan Yulin 2024, amma wannan 70,000 ɗin bai kai dala 50 ba ranar da aka sa masa hannu. Jihar Kano ta sa 71,000, Legas ta sa 85,000. Ɗan bautar ƙasa ma yanzu 77,000 yake karɓa, daga 33,000, wato sabon malami mai digiri bai ba shi tazarar a zo a gani ba. Ina yaro na ga kuɗin Udoji, wato babban ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a zamanin Gowon: mahaifinmu ya karɓi ariyas, ya shigo gida da sabon keke da rediyo, kafin shekara ta zagayo kasuwa ta cinye ƙarin. Tun daga nan duk ƙarin albashin da na lissafa da hannuna haka ya ƙare.

To me ya sa mahaifinka ya kafe? Saboda aikin gwamnati yana biyan mutum da abubuwan da ba a ƙirga su da naira. Ba a korarka da saƙon waya. Daga mataki na 7 zuwa 14 ana duba ƙarin girma duk shekara uku, ko da yake kuɗin ƙarin yakan yi nawa kafin ya iso. Dokar 2022 ta ɗaga ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35, sai dai ka bincika ko jiharka ta fara aiki da ita, kamar yadda za ka bincika tsarin fanshonta, domin kowace jiha da tata dokar. Sannan ga lokaci. Malami yakan tashi da azahar, yana da hutu sau uku a shekara. Tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma. Ma'aikacin banki kuwa yakan fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan isha, ga kuɗin Adaidaita Sahu zuwa gidajen masu kuɗi, ga kwat da guga. Ka cire waɗannan daga dubu 180 ka ga abin da ya rage.

Bari in ba ka nawa labarin. Ina sabon akawu, wata masaƙa a Kakuri ta neme mu ni da abokina da albashi ninki biyu. Shi ya tafi, ni na ji tsoro na zauna. Shekara goma sha biyar yana gabana a komai: ya riga ni aure, ya riga ni gina gida, ya riga ni zuwa Makka, ni kuwa ina adashi in sayi babur. Da masaƙun Kaduna suka fara rufewa, aka kulle ƙofa da haƙƙinsa a ciki, har Allah ya karɓi ransa bai ga kuɗin sallama ba. Amma 'ya'yansa a gidan nan da ya gina suke zaune har yau, ni kuwa sai dab da ritaya na bar haya. Har gobe ba na iya cewa ga wanda ya ci riba.

Ra'ayina shi ne ka karɓi koyarwar, sai fa in takardar bankin da sunan bankin kansa take. Aikin nemo masu ajiya kullum ana ɗauka, takardar gwamnati kuwa ba ta cika zuwa sau biyu ba. Ka yi amfani da yammacinka: digiri na biyu, ko gona, ko duka. Malamin kimiyya ba ya rasa mai nema. In ka zauna jiran ƙarshen wata kawai, to mahaifinka ma zai yi da-na-sanin shawararsa.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a sashen kuɗi, mataki na 14, shekaruna 55, na fara aiki a 1997. Ɗana mai shekara 27 yana rubuta manhajar kwamfuta daga ɗakinsa, wani kamfanin waje na biyansa da dala, abin da yake samu a wata ni sai na yi wata huɗu. Ina yi masa murna, amma wallahi abin yana sa ni jin kamar na ɓata rayuwata. Yanzu wata makarantar kuɗi ta ce in zo in riƙe mata asusu da albashin da ya fi nawa. In ajiye aiki in tafi?

Ƙanwarka, daga Kaduna

AMSA

Hajiya, ki zauna. Saurayin can yana da shekara talatin na gyara kuskure, ke kuma biyar suka rage miki, kuma su ne mafi tsoka a duk aikinki. Kashi 18 da ake zuba miki yanzu a kan albashin mataki na 14 ake lissafa shi, wata ɗaya na yau ya fi watanni da yawa na farkon aikinki. In Allah ya sa kika taka mataki na 15 kafin ki fita, ya ƙara nauyi. Doka ta yarda wanda ya kai 50 ya yi ritaya ya fara cin asusunsa, a ba shi wani kaso dunƙule, sauran a riƙa ba shi wata-wata, amma fita da wuri yana nufin ƙaramin tulu da za a raba wa shekaru masu yawa. Ga kuma haƙƙinki na 1997 zuwa 2004, kafin a shigo da tsarin asusu, wanda gwamnati ke lissafawa dabam ta zuba lokacin ritaya, kuma yakan ɗauki lokaci. Wanda ya fita ba shiri yakan yi watanni hannu rabbana.

Ki kuma tuna da inshorar lafiya da ke ɗauke da ke da maigida. Ɗan shekara 27 ba ya ganin darajarta, mu da muka san farashin maganin hawan jini da na suga mun sani. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta, ninki uku na albashin shekara, ga iyali in ta Allah ta kasance ana bakin aiki. Makarantar kuɗi da kuɗin zango take rayuwa. In iyaye sun yi jinkiri, albashi ya yi jinkiri, wasu ma ba sa biya a dogon hutu. Ke ce za ki riƙe asusun, ke za ki fara sanin babu. Ki ce musu su jira ki, ko ki riƙa duba musu littattafai bayan kin yi ritaya. Mai hankali ba ya ƙin akawun da ya yi shekara talatin yana aiki.

Game da yaron, Allah ya ƙara masa albarka, amma ki san inda rabin tazarar ta fito. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta wuce 1,500. Albashinsa ya ninka uku ba tare da kowa ya ƙara masa girma ba, naki kuma ya tsaya yana kallo. Irin aikinsa yakan ƙare da saƙo guda, ba fansho, ba hutun rashin lafiya, ba kuɗin sallama. Kuma da albashin nan da kike rainawa aka biya masa makaranta aka sayi kwamfutar farko, in ban yi kuskure ba.

Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin da masu aikin kansu za su riƙa ajiya da kansu. Ki tasa shi gaba ya buɗe, ya sayi fili tun dala na sama. Ke kuma wannan makon ki je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonki, ki karɓi bayanin asusu, ki bi shi wata-wata ki ga ko akwai inda ba a zuba ba. Ki duba ranar haihuwarki da yadda aka rubuta sunanki a fayil, a katin ɗan ƙasa da kuma banki. Na ga wanda harafi ɗaya ya riƙe wa kuɗi shekara guda.