Dalilin da ya sa littafin waya bai fi na takarda araha sosai ba

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa littafin da ake saukewa a waya yake kusan kuɗi ɗaya da na takarda, alhali babu kuɗin bugu balle na dako. Takarda da tawada ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa, domin ladan edita, tsara shafuka, talla da kason marubuci duk suna nan daram. Haka kuma manyan kamfanonin wallafa ba sa son farashin ya faɗi har ya karya kasuwar bugun takarda, shi ya sa a 2010 suka ja daga da Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, kan dala 9.99 da yake sayar da sababbin littattafan waya.

Abin da na lura da shi a nan Abuja shi ne, tsadar ta fi yawa a watannin farko na fitowar littafi, kuma da yake da dala ake biya, faɗuwar naira tana ƙara mata nauyi. Idan ba jarrabawa ce ta matsa miki ba, ki jira fitowar bugu mai bango mai laushi, wanda yakan ɗauki kusan shekara guda, domin a lokacin ne farashin na waya yakan sauka.